Nei Torika, Mai Zagin Fasinjojinmu

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa ofis, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a birnin Suva ai kusan kullum ana yi. Ta jingine laimarta a bayan ƙofa, ta tura takalmanta ƙarƙashin tebur, ta haɗa shayi ta tsoma burodi mai man shanu a ciki. Sannan ta gyara zaman tabarau, ta buɗe shafin kamfaninmu na Fesbuk, ta shiga zagin mutanen da muke ci da su.

Sunanta Torika Ravulo, mutuniyar tsibirin Kadavu, amma tun daga mai gadi har manyan da ke hawa na biyar Nei Torika muke ce mata, wato goggo. Shekara talatin da ɗaya ta yi a Kamfanin Jiragen Ruwa na Vatuloa, ashirin tana amsa wayar tarho, goma sha ɗaya tana riƙe da shafi. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. An ce in rubuta bayanin aikinta saboda wanda zai gaje ta, wanda ba kowa ba ne illa ni, na kuwa yi kwana biyar ina kallon farar takarda tana kallona. Da na gaji, sai na ce bari in rubuta ita kanta.

Ni ne Ronesh. Shekara tara teburina na manne da nata, kuma aikina mai sauƙi ne a baki: duk saƙon da aka rubuto a shafi in sa masa launi, kore in mai shi ya ji daɗi, ja in ya fusata, ƙarshen wata in kai wa manya rahoto. Shekara taran nan rahotona jawur yake fita kamar an yanka kaza a kansa, jiragenmu kuma cike suke maƙil. Yaya aka yi haka? Oho.

Ga misali. Akwai wani tsohon malamin makaranta a lardin Ra, Semesa Nakauta, wanda ba ya karya kumallo sai ya taɓa mu. Ya rubuto cewa, “Jiya na ga kunkuru ya wuce jirginku na Kadavu, har ya waiwayo ya ba shi haƙuri.”

Nei ta kurɓi shayi ta amsa masa da sunan kamfani mai jirage tara da ma'aikata sama da dubu: “Tau, kai da ba ka taɓa hawa abin da ya fi ramammen dokinka ba, ina ka san gudun jirgi? Ka zo ka hau, amma ka yi wanka tukuna, muna ɗauke da kifi kada ya lalace.”

Makona na farko ke nan, na ce, “Nei, wannan fa abokin cinikinmu ne.”

Ta ce, “Tau ɗina ne, ɗana. Sha shayinka.”

To, ni haifaffen Nausori ne, na san mutanen Ra da na Kadavu taubasai ne, abin da ake ce wa Tau a nan, tun kaka da kakanni, su zagi juna, su ɗauki kayan juna ba a ce uffan ba. Kowa ya san wannan. Abin da ban sani ba, har gobe kuma ban sani ba, shi ne yadda take duban suna ɗaya tak ta gane ƙauyen mai shi, da wanda uwarsa ta fito. Wannan ta wanke shi tas. Na biye da shi ta yi masa magana a ladabce kamar tana durƙushe gaban sarki. Na uku ta ba shi lokacin tashin jirgi kawai, ko gaisuwa babu, in tambaye ta dalili ta ce surukin yayarta ne, bai dace ta ja zance da shi ba. Na taɓa cewa ta zana mini taswirar abin. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Kai kana da taswirar gidanku?”

Kitione, shugaban masu lodi a tashar jiragenmu, ya ce in rubuta wannan da sunansa. Shekarar da injin jirgin tsibiran Lau ya tsaya, mutum ɗari uku suka yi cirko-cirko a tasha ana neman a dake shi, sai ya ga an fara duba waya ana ƙyalƙyala dariya ƙungiya-ƙungiya. Nei ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya a shafi, ta tsokani wanda za a tsokana, ta ba tsofaffi haƙuri da sunayensu, kuma ba ta yi wa kowa ƙaryar cewa gyara ya kusa ba. Ya ce ran nan ita ta cece shi, kuma ko tasowa daga kujerarta ba ta yi ba.

Bara sai aka kawo mana sabuwar shugabar sashe daga Brisbane, can ƙasar waje, Madam Bronwyn Hale. Mace ce mai kirki, kada wani ya fahimce ni a baibai, kuma ta san aikinta. Ta sa aka fassara mata saƙonnin wata guda, ta kira ni.

“Ronesh, fassarar nan daidai ce? Ma'aikaciyarmu ta ce wa abokin ciniki ya je ya yi wanka?”

Na ce, “Daidai ce, Boso,” don haka muke kiran shugaba.

“Shi kuma ya sa mata hoton zuciya?”

“Ya sa.”

“Me ya sa?”

Na ce, “Boso, ni ma shekara tara ke nan ina tambaya.”

Da na san abin da amsar nan za ta jawo, da na ciji harshena. Rahotona ja, wanda na rubuta da hannuna, shi aka shimfiɗa a kan tebur a taron manya. Saura wata huɗu Nei ta yi ritaya aka cire ta daga shafi, aka mayar da ita ɗakin ajiyar kayan da fasinjoji suka manta, can ƙasa, aka kuma saka mata takardar gargaɗi a fayil: rashin ladabi ga abokan ciniki. Matar da ke jan waƙa a cocinsu, wadda ba ta taɓa wuce babba a tsaye ba sai ta rusuna. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki kofinta da laimarta, ta ce, “Ɗana, shekara talatin da ɗaya, da wannan takardar zan koma gida?” Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Aka sa wata manhaja mai amsawa da kanta. Ta share zagi, ta gode wa kowa, ta yi wa kowa fatan alheri. Cikin mako biyu rahotona ya koma kore shar, aka tafa mini a taro. Shafin kuwa ya yi tsit kamar gidan da aka tashi. Na je kasuwa sayen gwaza, mai sayarwa ta riƙe mini hannu ta ce, “Me muka yi wa Torika take mana ‘mun gode da tuntuɓarmu’?” Wata tsohuwa ma ta taso takanas daga Ra da damin saiwar yaqona, wadda ake kaiwa in za a roƙi gafara, ta zauna a ƙasa gaban teburin karɓar baƙi, wai ta zo neman afuwa kan laifin da ba ta san ta yi ba. Madam Bronwyn ta tambaye ni me matar ke so. Na ce so take a zage ta.

Ranar wata Talata, takwas da 'yan mintuna na safe, sai ga saƙon Malam Semesa, wanda ya ɗauke ƙafa tun da aka fara share masa rubutu. “Barka da safiya. Ina roƙon a sanar da ni ko akwai gurbin mutum shida a jirgin Kadavu na yau, da wurin tabarmi da alade guda. Na gode ƙwarai.” Manhaja ta ce jirgin yau ya cika, sai na Asabar, ta liƙa masa fuska mai murmushi. Ya ce, “Na gode.” Na sa masa kore, har ina jin daɗi wai tsoho ya shiryu.

Ban ajiye hannu ba sai ga Nei a kaina, ba takalmi, tana haki, hawa uku ta tako da ƙafa. A wayarta ta gani, kamar kowa.

Ta ce, “An yi rasuwa.”

Na ce, “Ina? Wa?”

“Matar Semesa. 'Yar Kadavu ce, ta je gida jinya wata biyu da suka wuce, ka manta yana cewa mun sace masa mata? Shekara goma sha ɗaya mutumin nan bai taɓa gaishe ni ba. Ga tabarmi, ga alade, kayan gaisuwar makoki ke nan. Kafin Asabar kuma ai an riga an binne ta.”

“To me ya hana shi faɗa?”

“Haba ɗana! Kafin manzo ya kai wa dangi labari a zaune, sai shi ya watsa a kasuwa?”

Ta wuce ofishin Madam Bronwyn, ina biye. Ta rusuna a bakin ƙofa ta ce, “Boso, a ba ni shafin nan minti goma. In na yi ɓarna a ƙara mini takarda ta biyu.” Madam ta karanta saƙon sau biyu ta ce ita dai abokin ciniki mai ladabi take gani. Ta dube ni. Karo na farko a shekara tara na tsaya wa Nei, na ce, “Boso, ban gane ba, amma ki ba ta.”

Abin da Nei ta rubuta bai fi layi biyu ba: “Mutanen Kadavu da ke jirgin yau. Wani Tau ɗinku daga Ra yana neman kujera shida, kuma yau bai zage ni ba.”

Shi ke nan. Ba suna, ba maganar mutuwa. Minti arba'in, mutum goma sha tara suka ce sun fasa tafiya, a ba shi kujerunsu. Wani ya ce ya sauke buhunan simintinsa a sa aladen. Ba wanda ya tambayi me ya faru, ba wanda ya yi raha ko ɗaya, su da ba sa iya rubuta layi guda ba tsiya a ciki. Nei ta kira Malam Semesa a waya, ta juya mana baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da na jiyo kawai shi ne, “Tau, taso. Jirgi na jiranka.” Kitione ya ce da la'asar da motarsu ta iso, fasinjoji suka dare biyu suka ba su hanya, tsohon ya hau yana kallon ƙasa, Nei na biye da shi ɗauke da tabarma ɗaya a ka.

Washegari Madam Bronwyn ta sauka ɗakin kayan mantuwa da kanta, ta yage takardar gargaɗin a gaban Nei, ta ce, “Har yanzu ban fahimta ba.” Nei ta ce, “Ba komai, Boso, Ronesh ma bai fahimta ba, kuma yaron kirki ne.”

Nei, ke ce kika san mutanenmu da sunan kakanninsu lokacin da mu muke sanin su da lambar tikiti. Ke ce mai jin kuka a cikin gaisuwa. Kin koma kujerarki, rahotona ya koma ja, amma ni da ke zaune kusa da ke na san dariyarki ba ta dawo duka ba. Kowace safiya sai kin nemi suna ɗaya kafin ki taɓa shayi, kuma babu shi. Na ce ko fushi yake. Kika ce makoki dare ɗari ne, in bar shi.

Ranar Juma'ar bankwana an yi kifi da madarar kwakwa, an dafa rogo, an rataya miki furanni har ba a ganin wuyanki. Manya na jawabi, ke kuwa idonki na kan waya a ƙarƙashin tebur. Ana cikin tafi sai muka ji kin yi wata ƙara, muka zaci ciwo ne. Kika miƙo mini wayar, kika ce in karanta wa jama'a. Malam Semesa ne:

“Na ji an ce tsohuwar nan ta Kadavu za ta sauka yau. Madalla, ko jirgi zai ɗan yi sauri tun da an rage masa nauyi. Ki zo Ra mu koya miki dafa abinci, ki daina kashe mutane da shayi.”

Kika fashe da kuka kina dariya, kika karɓi wayar kika rubuta, “Tau, ka yi wankan?” Rabin ɗakin na share hawaye. Madam Bronwyn ta raɗa mini, “Wannan alheri ne ko?” Na ce ina jin haka ne.

Mun gode, Nei Torika. Ki yafe mini jan launin nan na shekara tara. Ku kuma da ke riƙe da shafukan manyan kamfanoni, kafin ku auna mutane ku fara sanin su tukuna, kuma in akwai wata tsohuwa a ofishinku da ke yin abin da ba ku gane ba, ku ja kujera kusa da ita tun tana nan. Ni na zauna kusa da tawa shekara tara ina shafa launi.

Ranar Litinin na shigo bakwai saura kwata, na haɗa shayi, na buɗe shafi ban san ta inda zan fara ba, don ni jikan baƙi ne, ba ni da taubashi ko ɗaya a ƙasar nan. Saƙon farko daga Ra yake: “An ce wai Ronesh ne yanzu. Torika ta ce ɗanta ne, to ɗan Kadavu ke nan. Kai Tau, an ce ko a kwale-kwale amai kake yi, wa ya ba ka jirgi?”

Na ɗaga waya na kira ta na ce, “Nei, ja zan sa ko kore?”

Ta ce, “Ajiye launin nan, ɗana. Rama.”