Minti Ɗaya na Malam Maje

Duk Bahaushen da ya daɗe a Landan ya san fuskar Malam Maje, ko da bai taɓa shiga bas ɗin da yake tuƙawa ba. Tun gemunsa na baƙi yake hawa wani ɗan ɗaki a saman shagon kifi a Deptford, inda tashar talabijin ta unguwa ke ba kowa fili kyauta. Nasa rabin awa ne duk Asabar: wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya sauka daga gida. Ba albashi, ba sannu. Sai ciwon gwiwa, da matakalar nan da yanzu sai ya huta a tsakiyarta.

Da council, wato ƙaramar hukuma, ta janye hannu, aka yi cancel ɗin shirye-shiryen kaf, aka ce kowa ya koma manhajar waya. Hanan, shugabar tashar, ta nuna masa: ya danna jan maɓalli ya yi magana, minti ɗaya na cika abin zai yanke da kansa. Ya gyaɗa kai kawai. Wallahi ya gaji da koyon sababbin abubuwa.

A makon ne Sumani ya rasu, wani tsoho ɗan zangon Kumasi da ya ƙare ƙarfinsa a sharar tashoshin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba mata, ba ɗa, shi kaɗai a flat a Stratford. Shi ne mai bugo waya bayan kowane shiri, kuma ya sha cewa, "Malam, ranar da na mutu, kai ne za ka kira mini mutane."

Maje ya sa babbar riga, ya jingina wayar da flas ɗin shayi, ya danna. To, mutum ya faɗo wa jama'a da zancen mutuwa ba gaisuwa? Ina! Ya yi sallama, ya yi salati, ya gai da limamai da dattawa da hajiyoyi, ya tambayi sanyi da yara. Sannan ya faɗi rasuwar, ya yabi halin mamacin, ya faɗi masallaci da lokaci har sau biyu. Ya tura, bai ko kalla ba, don ba ya son ganin tsufansa.

Ranar jana'iza ya yi ta leƙen ƙofa. Liman ya jinkirta iya jinkirtawa. Daga ƙarshe shi da liman da direbobin motar gawa suka yi sallar, ko sahu ɗaya bai cika ba.

A gida matarsa Suweiba ta kunna masa abin. Ya ga kansa yana cewa, "Za a yi masa salla a…" Shi ke nan, hoton ya tsaya. Ta ja yatsa ƙasa, inda bai ma san ana rubutu ba. Mutane rututu, kowa da Allah ya jiƙansa, kowa da tambaya ɗaya: a ina, ƙarfe nawa?

Ya bar mata wayar, ya zauna bai ko cire takalmansa ba. Har yanzu da ƙasar maƙabarta a jikinsu.