Kawu Haladu da Abinci Marar Uwa

Duk wanda ya taɓa hawa mota ɗaya da Kawu Haladu, ƙanen mahaifiyata, ya san halinsa. Da an tsaya cin abinci kowa zai nemi benci, shi kuwa sai ya zagaya bayan rumfa, wajen hayaƙi, ya nemo mai girki ya yi mata sannu da wuta. Sai ya ga fuskarta sannan zai wanke hannu. Cewa yake yi shi ba ya cin abinci marar uwa.

A Tafa, kan hanyarmu ta zuwa Abuja daga Kano, direba ya yi ta danna hon har fasinjoji suka fara tsaki. Aka tura ni nemansa. Na same shi a tsugune yana gyara wa mai tuwo itace, yana ba ta maganin ciwon gwiwa, tuwonsa ko taɓawa bai yi ba. A kan cinyata ya ƙarasa cinsa cikin mota, miyar kuka har aljihuna.

A Karu kuwa wata Bayarbiya ce mai amala, ba ta jin Hausa, shi ba ya jin komai sai Hausa. Suka yi ta hira suna dariya, kowa da yarensa. Ya dawo yana gaya mini ɗanta na fari zai yi aure. Ni mai Turanci, ko sunanta ban samo ba.

Ranar da na fi jin kunya ita ce a Gwarinpa. Na kai shi irin gidajen abincin nan masu rassa a kowane gari, ga gilashi, ga sanyi, ma'aikata duk da hula iri ɗaya. Aka miƙo soyayyar shinkafa da kaza, ya tambayi yarinyar da ta miƙo wa ya dafa.

"Kamfani ne, Baba."

"To kira mini kamfanin, in ga hannunsa."

Manaja ya zo ya ce doka ta hana baƙo shiga kicin. Kawu ya ce madalla, ai doka ba ta hana na kicin fitowa ba. Ya harɗe hannuwa, kaza tana hucewa, layi ya tsaya ana kallonmu, ni kamar in nutse. Can sai ga wata mata da raga a kanta, a tsorace, ta zaci ƙorafi ne. Rifkatu sunanta, 'yar Pankshin. Kawu ya miƙe tsaye ya yi mata sannu da wuta. Ta ce tunda ta fara aiki a nan ba a taɓa kiranta ba sai in an tsinci gashi a abinci. Ya cinye tas, ya sa mata albarka, sannan ya ce gishirin ya ɗan yi yawa.

Da ciwo ya kama shi, wurina a Abuja aka kawo shi asibiti. Likita ya ce ba za a yi masa aiki ba sai jikinsa ya yi ƙarfi, shi kuwa duk abin da aka kawo a roba sai ya juya wa bango fuska. Ni gwauro ne, na daure na dafa taliya. Ya ɗanɗana, ya ce wannan kam ya san mai ita, shi ya sa ba zai ci ba. Na yi dariya, amma da na fito baranda kuka na yi, don kullum ramewa yake yi.

Da na rasa dabara na koma Gwarinpa na roƙi a kira mini Rifkatu. Ranar Lahadi, daga coci, sai ga ta da kula cike da gwaten acca.

"Baba, ni ne na dafa. Gishiri kaɗan na sa. Oya, tashi ka ci."

Ya tashi ya ci. Yana ci yana ba ta labarin da mu 'yan gida ba mu taɓa ji daga bakinsa ba, cewa Inna, kakarmu, ta ƙare ƙuruciyarta tana tuƙa tuwo a bayan zana a tasha, matafiya su ci su tafi, babu wanda ya san kamanninta. Rifkatu ta yi ta zuwa har aka yi aikin. Ya koma Kano da ƙafarsa, ya riƙe jikarsa ranar suna, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Rifkatu, mun gode, Allah ya raya miki zuriya. Kawu kuma Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da Inna ya ci na hannunta.