Ƙwaryar Marsa da Ƙwaryar Minu

Kemistiri ce ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Sau biyu ina zana jarrabawar gama sakandare, komai ya fito, ita kaɗai ta ƙi, kuma in babu ita makarantar koyon jinya ko kallon mutum ba ta yi. Yayana, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar Baba, ya ce ta ukun nan ita ce ta ƙarshe. In ta ƙi, in bi shi kasuwar hatsi in kama awo. Shi kuwa ba ya magana biyu.

Abin da ke kashe ni shi ne mol. Malamin da nake zuwa darasin yamma wurinsa a unguwar Yindiski ya ce mol ma'auni ne. To ni ɗan gidan masu hatsi, in ka ce ma'auni ai mudu nake gani. Sai na ɗaga hannu.

"Malam, shi mol ɗin nan, girmansa ya kai mudu?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya rubuta wata lamba mai sifili kamar ba za ta ƙare ba, ya ce adadin ƙwayoyin zarra ke nan a mol guda. Mol ɗin kabon giram sha biyu, na ƙarfe hamsin da shida. Haba! Wane irin ma'auni ne wannan da ba kwano ba buhu? Na koma hadda kamar ɗan makarantar allo. Ina tafiya ina maimaitawa, ina cin tuwo ina maimaitawa, har Inna ta fara yi mini tofi. Wallahi tsoro ya hana ni ƙiba a shekarar nan.

Ranar jarrabawa suka juya tambayar mol ɗin, hadda ta watse. Na tauna bayan biro har ya fashe, na miƙa takarda da fili a wurin.

Ba a daɗe ba matar Yaya ta haihu. Ana gobe suna Goggo, ƙanwar Baba, ta aike ni karɓo goro: ƙwarya biyar ta marsa, manyan nan na dattawa, da ƙwarya biyar ta minu, ƙanana na rabo. Ina ɗaukar ƙullin biyu na ji ɗaya na neman tsinke mini kafaɗa, ɗaya kamar auduga. Dama a wuya nake. Na shigo gida ina bambami, an cuce mu, mai goro ɓarawo ne.

"Kai, rufe mana baki," in ji Goggo. "Zauna ka ƙirga. Ƙwarya ai ɗari ce, ko marsa ko minu."

Na zube su a tabarma ina warewa. Ɗari nan, ɗari can. Na ɗaga tulin marsa, na ɗaga na minu. Adadi ɗaya, nauyi daban. Ashe mol ƙirge ne! Ƙarfe marsa, kabon minu. Tambayar da na bari fili ta dawo mini tiryan-tiryan, na warware ta da ka a nan zaune. Sai ga hawaye, ƙato da ni, a tsakiyar mata.

Na kwashi goro hannu bibbiyu na fita zaure wurin Yaya. Na durƙusa ina bayani.

"Yaya, wallahi yanzu na gane. Ka bar ni in sake, sau ɗaya tak. Don Allah, don Annabi."

Ya saurare ni har na gama. Ya ɗauki marsa guda, ya ɓare, ya miƙo mini ɓari.

"Na ji daɗi da ka gane," ya ce. "Jibi ka fito da wuri, motar gero za ta iso daga Gadaka."