Ɗan Dakon Cima

A Urno, in aka ce Hamani Ba-a-sayen-barci, yaro ma zai nuna maka gidansa. Manomin gero ne, in rani ya yi ya bi motocin albasa zuwa kudu. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: ya zaga Kwanni da Sakkwato har Ikko, bai taɓa biyan kuɗin ɗaki ba. Ya kwana a masallaci, ya kwana ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya, ya taɓa kwana a kan buhunan albasa har ya yi mako yana wari. Cewarsa, barci kyautar Allah ne, mai sayensa ya yi butulci.

Shi Ba'adare ne, fuska wasai ba zane. Matarsa Cima Bagobira ce daga wajen Madawa, da zanenta reras daga baki har kunne. Tun tana amarya yake tsokanarta, wai kaza ce ta yi tono a kumatunta. Mutane su yi dariya, ita kuwa abin yana ci mata rai.

Shekarar da fari ya bar rumbuna wayam, bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, Hamani ya kwashi Cima da 'yarsu Altine mai shan nono, suka nufi Ibadan cin rani. A unguwar Sabo ya tarar zauren baƙi na maza ne zalla, ɗakin mai iyali kuwa sai an biya. Ya ce a kai kasuwa. Suka kwana a tasha, sauro ya yi kalaci da Altine.

Da gari ya waye Cima ta ɗaure kayanta, ta ce, "Malam, ni ba buhun albasa ba ce. In rana ta faɗi ɗiyag ga ba ta da ruhin ɗaki bisa kanta, motar da ta kawo mu ita ka maishe ni gida."

Hamani ya tsorata, don bai taɓa jin ta yi magana biyu ba. Sai dabara ta faɗo masa. Ai Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, kowa na kiran kowa bawansa, kuma abokin wasa ba ya hana ka masauki. Shi da yake auren Bagobira, a ganinsa ya ci gado.

Gidan farko ya buga ƙofa, ya ce wa maigidan, "Kai bawa, ubangijinka ya iso, share mani ɗaki!" Ashe mutumin Ibo ne, bai san wannan wasa ba, yana kuma da kare. Hamani ya dawo da takalmi ɗaya.

La'asar ta yi, hadari ya haɗu, don ƙasar ba ta san rani ba. Aka kwatanta musu gidan wata tsohuwa Bayarabiya, Iya mai goro, wadda ta yi fatauci a Sakkwato, tana jin Hausa. Hamani ya gyara murya, ya sake jefa maganarsa. Iya ta dube shi daga hula har ƙafar da ba takalmi.

"Kai Bagobiri? Ina zane? Fuska kamar bayan ƙwarya! Tafi can."

Za ta rufe ƙofa ke nan ta hango Cima a baya, da goyo. Sai ta buga guɗa. "Baiwata! Ke kin gudu tun zamanin kakana, yau Allah ya kama ki!"

Cima, wadda tun Kwanni ba ta yi dariya ba, ta ce, "Tsohuwa, kama bakinki, uwargijiyarki ta zo duba dukiyarta."

Nan take Iya ta ba ta ɗakin ajiyar goro har ƙarshen rani, a kan ta riƙa taya ta zaɓar goro tana jera shi cikin ganye. Sannan ta nuna Hamani da haɓa. "Wannan mai takalmi ɗaya fa? Ba na saukar baƙon namiji."

An fara yayyafi. Cima ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, shi kuwa ya ƙura wa kumatun nan ido kamar yau ya fara ganinsu.

"Ɗan dakona ne," in ji ta. "Shina da haƙuri."

Haka Hamani ya ci ranin nan a barandar Iya, yana ɗaukar huhun goro zuwa kasuwa, Cima na gaba yana biye. Da suka koma Urno ya ci gaba da bugun ƙirji cewa ko a Ibadan bai sayi barci ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma har ya tsufa ba a sake jin zancen kaza a bakinsa ba. Wata rana ma wani ɗan'uwansa ya ɗauko tsohuwar tsokanar a gaban Cima, Hamani ya tashi tsaye da sanda.

"Kul! Zanen ga da kake gani, shi ar ruhin ɗakina."