Bambar Jidda da Kamun Baffa

Babu al'ummar da ta taɓa yin ƙaura a bayan ƙasa ba tare da ta sa wani abu a gabanta ba. Kakanninmu da suka baro Sakkwato suka fuskanci gabas, tuta suka sa a gaba da allo. Mu jikokinsu da zama ya kama mu a bakin kogi, mun rage buri, mun mayar da shi ƙarfe, har ta kai yau a Mai Wurno ana sanin girman mutum ne daga abin da ya ɗaura a goshin motarsa. Wannan shi ne uzurina ga masu tambayar inda na shiga makon jiya. Ni malamin labarin ƙasa, da 'yan jarrabawa a wuyana, na ajiye alli na raka bambar mota zuwa Managil.

Mun kama hanya ana fitowa daga sallar asuba, ni da Baffa, ƙanen mahaifina, a cikin tsohon boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, mai ja da ƙafa huɗu, wanda yake zuwa gona da shi can yamma da Sinja. Bambar tana kwance a baya, a naɗe cikin kwali da tsofaffin barguna, an ɗaure ta da igiya a hankali kamar za a kai mara lafiya asibiti. Duk ramin da muka faɗa, Baffa ba ya duban hanya, madubi yake duba.

Sai na faɗi asalinta kafin mu yi nisa. Babban ɗan Baffa ya tafi Jidda yana ɗan saurayi, gemu bai tsiro masa ba. Da sunan umra ya tafi, ya zauna, takardunsa ba su taɓa daidaita ba, in ya fito babu komawa. Baffa ba ya kama sunansa, ɗan fari ne, sai dai ka ji ya ce yaron nan, ko kuma wancan na gabas. Shekarun baya wani bijimin makiyaya ya yi gardama da motar a hanyar gona, bijimin ya tashi ya kaɗe jiki ya tafi, bamba ta lanƙwashe kamar lauje. Da yaron ya ji labari a waya, ya ce a auna masa goshin motar, zai nemo ta ƙarfe a kasuwar kayan tsofaffin motoci. Ta haye teku a cikin kayan wani alhaji, ta iso a bayan lori, tare da saƙo cewa kada a buɗe, shi da kansa zai zo ya ɗaura. Ta yi damina biyu a ɗakin hatsi, ba a kwance igiyarta ba. Watan da ya wuce ya bugo ya ce bana ma ba zai samu zuwa ba, a ɗaura ta kafin ruwa ya sauka.

Masu walda sun cika Sinnar, ga su nan kusa da gida. Baffa ya ce su sai sun yanka suke tambaya. Abin da yake so shi ne ƙarfen nan ya hau motar yadda ya bar hannun yaron, ba a rage masa ko ƙwayar gero ba, kuma mutum ɗaya ya yarda da shi, wani usta namu, wato gwanin walda, a Managil wanda ubansa ya yi sana'ar su tare da kakana. Don haka muka wuce Sinnar ba mu ko sassauta ba, madatsar ruwa tana hannun dama, hazon kogi bai gama tashi daga kanta ba.

Kwaltar arewa tana nan yadda kuka san ta, manyan motoci suna da gaskiya ko da ba su da ita. Mun tsaya shan shayi a wata rumfa a gefen hanya, mai shayin ta ƙara wa kofi kuɗi, na tambayi dalili, ta ce dala ce ta tashi. Na duba na'anar da ta jefa a ciki, ga ta nan tana tsiro a gwangwani a gindin rumfar, na yi mamakin yadda ganye yake samun labarin kasuwar duniya kafin malamin makaranta. A Madani muka karya da ful, dafaffen waken nan, da man riɗi, Baffa ya ci a tsaye, fuskarsa tana wajen mota.

Daga nan muka karkata yamma, muka shiga cikin gonakin ban ruwa na Jazira. Wanda bai taɓa bi ta nan ba ya ɗauko takardar lissafi mai layi-layi ya shimfiɗa, ya ga ƙasar. Magudanar ruwa miƙe kamar an ja ta da rula, alkama kore shar a wannan gefe, auduga ta fashe fari a wancan, balbelu suna bin tarakta kamar masu duba aiki. Babu tudu, babu kwari, babu abin da ido zai jingina da shi. A irin wannan shimfiɗa mutum yakan ga na nesa tun yana ɗigo, ya yi ta zato har ya iso ya zama wani. Na lura Baffa yana rage gudu duk lokacin da muka hango mai tafiya da jaka.

Mun isa Managil kafin azahar. Garejin ustan yana bayan tashar motoci, rumfar kwano ce da tulin ƙarafa, ga garmunan tarakta da aka kawo gyara a jere. Ustan dattijo ne gajere, Hausarsa ta tsofaffi ce amma lissafinsa da Larabci yake yi. Sai da aka gama gaisuwa har kan matattu, sannan Baffa ya hau bayan motar ya kwance igiyar da hannunsa, bai yarda a sa wuƙa ba.

Gaskiya ƙarfe ne. Baƙi wuluk, mai kauri, da bututu biyu da suka tashi sama don kare fitilu, da gurbin injin jan mota a tsakiya, ga kusoshinta a jakar leda, ga fitilu biyu zagayayyu a kwalinsu daban. A kusurwa akwai hoton wata dabba mai tsalle da ƙafa biyu. Nan ilmina ya sami rana. Na bayyana wa jama'a cewa kangaru ce, cewa a ƙasar Ostireliya aka ƙera bambar don irin wannan dabba da ke faɗa wa motoci, har na fara kwatanta inda ƙasar take da murfin tukunya.

Ustan ya saurara har na gama, ya ce, “To ustaz, tana cin dawa?”

Na ce ban sani ba.

“In ba ta cin dawa, ba ruwanmu da ita. Ku kama.”

Aka cire tsohuwar, maza suka ɗaga sabuwar suka kara a goshin motar. Ustan ya sunkuya ya leƙa. Kunnuwanta ba su sami ƙashin motar ba, kowanne ya wuce ta waje, kuma bakinta ya zarce jikin motar dama da hagu, kamar yaro ya saka rigar wansa.

Ustan ya ce, “Alhaji, wa ya auna?”

“Ni.”

“Da mi?”

Baffa ya ɗaga hannunsa na dama, daga gwiwa zuwa kan yatsu. “Kamu huɗu cif nic ce mishi.”

Ya matsa ya ɗora hannun a goshin motar, yana juyawa yadda ake auna koma ko igiyar rijiya. Huɗu cif. Ya juya kan bambar da aka ajiye a ƙasa, ya durƙusa, ya auna. Huɗu, da saura kusan taƙi guda. Babu wanda ya yi kuskure. Uba ya auna da hannunsa a Mai Wurno, ɗa ya shiga kasuwa a Jidda ya auna da nasa, yadda uban ya koya masa. Abin da ba wanda ya sa a lissafi shi ne shekarun da ke tsakani.

Baffa ya buɗe tafinsa a kan sauran ƙarfen nan da ya rage, ya bar shi a wurin. Ya daɗe a durƙushe. Can ya ce, ba da kowa yake ba, “Ashe ya yi tsawo.”

Ustan ya kawo shawara mai hankali. A yanka ta a tsakiya, a cire abin da ya yi yawa, a haɗe a goge a shafa fenti, ba mai ganewa, kafin la'asar muna hanya. Na goyi bayansa da dukkan hujjojin da ke cikin littafi. Na yi maganar nauyi, na yi maganar masu amalanken jaki da za a riƙa goga, na yi maganar 'yan sandan hanya. Baffa ya bar ni na ƙare kamar yadda ake barin rediyo.

“Ba ita ta yi yawa ba, ɗana,” in ji shi. “Motar ce tat tsaya inda yab bar ta.”

Aka koma hanya mai tsawo. Ustan ya zaro wani tsohon ƙarfen garma daga tulinsa, ya yanka, ya lanƙwasa a wuta, ya yi wasu kunnuwa biyu da za su tashi daga ƙashin motar su buɗe su tarbi na bambar. Ramukan da ke jikin baƙuwar bai taɓa su ba, nasa ƙarfen ya huda ya bi su. Da aka ɗora ta, motar ta sunkuyar da kai saboda nauyi, sai da aka ƙara mata ganyen sifirin a gaba ta ɗago. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, aikin ya kwana. Mun ci agashe a bakin kasuwa, mai yajin da ya sa na tuna gida alhali yau-yau da asuba na baro shi.

Ustan ya sauke mu a ƙauyensu, ɗaya daga cikin ƙauyukan 'yan ƙwadago da ke maƙale a gefen magudanar ruwa, gidajen laka ba wuta ba famfo, ga ruwa yana wucewa ta ƙofarsu zuwa gonakin wasu. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ta dama mana fura da safe. Da ta ji daga Mai Wurno muke, ta tambaye mu ko akwai wanda ya zo daga gida kwanan nan. Na ɗauka garinmu take nufi, ashe Sakkwato take nufi, wadda ba ta taɓa gani ba, uwarta ma a hanya aka haife ta. Ta kwatanta mini wata tsamiya da ke ƙofar gidan kakanta, har da gefen da reshenta ya karkata. Jikokinta suna amsa mata da Larabci, ita tana ci gaba da Hausa, kowa yana gane kowa. Ban gaya mata abin da taswira ta ce game da nisan ba.

Da hantsi wuta ta dawo, muka koma gareji, aka ɗaure kusoshin, aka ja wayar fitilu. Motar ta fito da fuska irin ta ɓauna. Baffa ya zagaya ta, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce in nemo masa wancan na gabas. Maganarsu ba ta wuce ta uba da ɗan fari ba. Na ji ya ce, “Ta zauna.” Na ji ya ce, “Ana cin abinci dai?” Ya saurara kaɗan, ya ce to madalla, ya miƙo mini. Bai ce masa komai game da taƙin ba.

Sai da muka bar gari, muka hau hanyar da ke bin magudanar ruwa, ya tsayar da motar a inda ba kowa. Ya fito, na fito. Ya tsaya a gabana ya miƙe sosai.

“Kai da ka yi karatu. Mai kamu irin wannan, ina zai kawo mini?”

Na yi lissafin a zuci, na ɗaga hannuna sama da hularsa da kamar faɗin tafi. Ya ɗaga kai ya dubi wurin. Babu komai a can sai sararin Jazira da wata balbela tana wucewa. Ya gyaɗa kai kamar an gabatar masa da baƙo, muka koma mota. Daga nan har Madani bai ƙara duban madubi ba.

Mun shigo Mai Wurno rana ta yi sanyi, masunta suna hawowa daga kogi. Yara suka biyo mu, masu shago suka fito, wani ya tambaya ko gwamnati ce ta ba Baffa muƙami. Ni kuwa ina ta tattara darussan tafiyar, don malami ba ya dawowa hannu wofi. Na koyi cewa mu mutane ne masu aunawa daga nesa, wata da tsamiya, wani da hannun ɗa, kuma abin da muka bari a baya ba ya tsayawa yadda muka bar shi don kawai mun daina ganinsa. Na koyi cewa ƙarfen waje da na gida suna iya zama tare in an sami mai haƙurin huda nasa. Ina shirin na uku, wanda na tabbata ya fi su, sai muka iso gida.

Ƙofar gidan Baffa da kamunsa aka auna ta. Tun daga ranar, motar a waje take kwana.