Katin da Ya Sa Kaka Ɗaure Kaya

Ranar jajiberin Ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, Inna ta aike ni ɗakin Kaka bayan azahar in aro mata ƙaramin turmin dakan yaji. Damina ta zo ƙarshe, tafki ya cika har ya shanye gonakin bakin ruwa, gari kuma ya ɗauki zafin nan mai nauyi da ke zuwa kafin hadari. Da tsalle na tafi, don ina da dalilina na son ganin fuskar Kaka a ranar. Na yi sallama ba a amsa ba, na ɗaga asabari, sai na tsaya cak. An naɗe tabarmarta an ɗaure da igiya. Kwanonin da ke jere a bango tun kafin a haife ni an sauke su an ƙulle cikin zane. An ɗinke bakin buhun gero, har fitila an cusa ta cikin tukunya. Kaka ba ta nan. A tsakiyar ɗakin kuwa ambulan ne a ƙasa an danne shi da dutse, wanda ni na yi shi da hannuna, ko buɗe shi ba a yi ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce, Bagunga ce ta asali, wato 'yar mutanen tsibiran ruwa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai damatsa kamar na masunci. Ɗakinta yana can ƙarshen gida ta wajen ruwa, kuma tana da ɗan kwalekwalenta da ba ta yarda kowa ya taɓa, da shi take zuwa yankan ciyawar awaki. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Maigida". Kullum cikin tsiya muke. Ita ta ce ta auri malalaci, ko kifin miya bai taɓa kawo mata ba. Ni in ce na sake ta, na gaji da mace marar haƙori. Ta jefe ni da mafici, anjima kuma ta kira ni ta damƙa mini ƙuli-ƙuli a ɓoye kada ƙannena su gani.

A shekarar aka kawo mana Malama Rahila daga wajen Shanga, ita ta koya mana yin katin gaisuwa. Ta ce a garinsu da hannu suke yin na Kirsimeti, ba ta ga abin da zai hana mu yin na Sallah ba. Ba mu da kayan kanti, amma Malama ba ta san babu ba. Muka bi gari muna tsintar kwalin sukari da na sabulu, muna yankawa da reza. Takarda mai ado kuwa da kanmu muke yin ta: a shimfiɗa guntun tsohon taru a kan benci, a ɗora farar takarda, a goga da fensir mai launi, sai idanun tarun su fito reras. Ko a ɗora ganyen dogonyaro a kan takarda, a tsoma tsohon buroshin haƙori cikin ruwan zoɓo a yayyafa, in an ɗage ganyen sai ka ga surarsa fara tas a tsakiyar ja. Bular wanki ita ce shuɗinmu, kurkum shi ne rawaya, jiƙaƙƙen ƙaro kuma shi muke liƙi da shi. Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne hatimi. A kan dankali muke sassaƙa kifi ko tauraro ko jinjirin wata, mu dangwala a launi mu buga. Amma dankali kwana kaɗan yake yi ya yanƙwane, sai muka koma tsofaffin silifa. A watan azumin nan babu silifar da ta tsira a ƙauyenmu, har wadda mai ita bai gama yayinta ba.

Ni kuwa tun ina yaro ba na son in yi abu daidai da na kowa. Katin Kaka na fi ɓata wa lokaci: idon taru shuɗi a baya, jan kifi a tsakiya, taurari a gefe, a ciki na rubuta barka da Sallah daga Maigidanki. Da na gama sai na ga bai ishe ni ba. Na naɗa ambulan da takardar ruwan ƙasa ta buhun siminti, na zauna na sassaƙa wani hatimi zagayayye irin wanda hedimasta yake buga mana a sakamakon jarrabawa, na dama bula ta yi kauri, na danna shi a goshin ambulan. Ya fito ɗas, har ni sai da na ji kwarjininsa. Sauran yara da hannunsu suka kai wa iyayensu nasu. Ni na ce nawa sai ya zo kamar daga birni. Da hantsi na sami wani ɗan kabu-kabu da ya kawo mai sayen kifi daga Yelwa a babur, baƙo ne, da baƙin tabarau da jaka a rataye, na roƙe shi ya tsaya ƙofar Kaka ya miƙa mata ba tare da ya ce komai ba. Ya yi dariya ya karɓa, ni kuma na wuce kiwon awaki ina jin kaina wani babban mutum.

To ga ni yanzu a ɗakin da aka kwashe, ga ambulan a ƙasa. Na ruga na kira Inna, Inna ta kira Baba daga inda yake gyaran taru. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ta ga wani mai babur ya ba tsohuwa takarda, ta kuma ga ta daɗe tsaye da ita a hannu ba ta motsa ba. Baba ya ɗauki ambulan ya dubi hatimin. Ya yage, jan kifina ya faɗo. Tun kafin a tambaya na ce nawa ne, gaisuwar Sallah ce. Na sa ran mari, har na kare kunne. Bai taɓa ni ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Kai kab buga wanga abu?" ya ce, yana nuna zagayen shuɗin. Na gyaɗa kai. "Ba ka san da irinai anka tashe su ba?"

Ban sani ba. Na san dai ana cewa asalinmu daga gungu muke, wato tsibirin tsakiyar ruwa, amma na ɗauka labari ne irin na tsofaffi. A tsaye a wurin, cikin sauri, Baba ya gaya mini. Lokacin da za a tare ruwa a Kainji yana goye a bayan Kaka. Wasu baƙi suka zo da jaka, suka miƙa wa mutane takardu masu zagayayyen hatimi, ba wanda ya iya karantawa. Bayan takardun sai jiragen ruwa suka zo aka kwashe su zuwa gidajen siminti a tudu, ruwa ya hau ya rufe garin da rumbunansa da bishiyoyinsa. Tun daga nan Kaka ba ta taɓa karɓar takarda daga hannun baƙo ba, ko ta asibiti ce sai dai Baba ya karɓa. Bai ƙarasa ba ƙanena ya shigo da gudu ya ce kwalekwalen Kaka ba ya bakin ruwa.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma har yau ban sake ba. Muka isa bakin tafki gabas ta riga ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwantar da ciyawa, ruwan ya canza launi yana tasowa yana dukan gaɓa. Masunta duk sun janyo jiragensu tudu, don ba mai hankalin da zai shiga ruwa a irin wannan lokaci. Ga tsohuwa mai azumi, ita kaɗai, cikin kwalekwalen da ko ni na fi ƙarfinsa. Ga dorina da aka ce an gani da ɗanta a makon a cikin ciyawar mashigi. Wani ya ce wataƙila ta nufi inda tsohon garinsu yake, tsakiyar ruwa, inda ko mai jirgin inji ba ya son bi in ana iska. Mata suka fara salati. Baba ya tura jirginsa, maza biyu suka shiga, ni ma na faɗa ciki. Inna ta kama rigata, Baba ya ce ta bar ni. Ban san ko tausayi ne ko hukunci ba.

Aikina kwarfe ruwa da ƙwarya. Jirgi ya hau ya sauka, ruwa ya watso mini a fuska, ina kwarfewa ina kuka, ina karanto duk surar da na sani har da waɗanda ban gama haddacewa ba. Mazan suna ta kiran Kaka, iska tana mayar musu da muryarsu. Duk baƙin abin da na hango a ruwa sai in ce kanta ne, ashe kututture ne. A raina ina ta yi wa Allah alkawari: ba zan ƙara yi mata tsiya ba, ba zan ƙara taɓa reza ba, zan kawo mata kifi kullum. Ruwan sama ya sauko kamar ana zubawa da bokiti. Cikinsa ne muka hango kwalekwalen ya maƙale a ciyawa, yana juyawa shi kaɗai, filafilinta a ciki, ba kowa.

Ɗaya daga cikin mazan ya yi inna lillahi a hankali. Baba ya tuɓe riga zai faɗa ruwa, suka riƙe shi. Ni kam ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna, na ji a raina cewa na kashe Kaka da guntun silifa. Baba ya kama igiyar kwalekwalen zai ɗaure a namu, ya jawo ta daga ruwa, sai ga ɗan turke a ƙarshenta, ɗaure da ƙulli irin nata, da danyen laka a jikinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ta sauka tudu ta kafa turke, iska ce ta tumɓuke shi. Ya dubi inda iskar take fitowa, babu komai a wannan gaɓar sai maƙabartar garinmu, wadda da rani da ƙafa ake zuwa, in tafki ya cika kuma ruwa ya yanke ta.

A can muka same ta, zaune a gefen kabarin Kakanmu, ruwa yana dukanta, ba kallabi a kanta. Ban taɓa ganin mace a maƙabarta ba, ban kuma taɓa ganin furfurar Kaka a buɗe ba. Kallabin yana kan cinyarta, ta ƙulle wani abu a ciki ta riƙe da hannu biyu. Da ta ga Baba ba ta yi mamaki ba.

"Yaushe sunka ce mu tashi?" ta tambaye shi.

Baba ya durƙusa ya ce ba inda za a je, ba wanda ya ce a tashi, takardar ta yaron nan ce, gaisuwar Sallah ya yi mata. Ya turo ni gabanta. Haƙorana suna kaɗawa na yi mata bayanin silifa da bula da ɗan kabu-kabu. Ta dube ni har na ƙosa. Sannan ta dubi ƙullin da ke hannunta.

"Wancan karon da sauri munka hita," ta ce. "Na bar uwata ƙarƙashin ruwa, ko ƙasar kabarinta ban ɗiba ba. Na ce wanga karon ba ni barin shi haka nan."

Baba ya lulluɓa mata rigarsa ya ɗauke ta cak zuwa jirgi. Sai da muka kusa gida, ruwa ya tsagaita, ta miƙo hannu ta murɗe mini kunne a hankali ta ce, "Maigida, in kana son gaishe ni, kana da baki."

Sallar nan ban ci ta da daɗi ba. Zazzaɓi ya kwantar da Kaka, ina zaune bakin ƙofarta da sabuwar rigata ina sauraron numfashinta, yara suna yawon Sallah ban bi su ba. Allah ya ba ta lafiya, ta yi shekaru bayan haka muna tsiyarmu. Amma kayanta sai da aka yi girbi kafin ta yarda aka kwance su, ƙullin ƙasar kuwa ta ƙi mayarwa, ta sa shi cikin gwangwani ta tura ƙarƙashin gado. Mutanen gari suka mayar da abin labarin dariya, ana cewa rikicin tsufa ne ya kama ta. Ni ma da na ƙara girma na taya su dariyar. Ranar da ta rasu Baba ya juye gwangwanin a cikin kabarinta, kusa da na mijinta.

Yanzu a Yelwa nake da iyalina. Gaisuwar Sallah a waya take zuwa, ɗaya ta bi ɗaya, ba mai ƙanshin zoɓo a cikinsu, ba kuma wadda za ta firgita kowa. 'Ya'yana ba su san ana yin ado da idon taru ba. Ƙauyenmu ma ba kowa a gidanmu, tun shekarun da zama ya gagara saboda rashin tsaro muka kwaso su Baba da Inna. Mu ba a kawo mana takarda ba, ba a aiko jirgi ba, labari kawai muka ji daga ƙauyen gaba muka fara ɗaure kaya. Ana loda mota na ce su jira ni. Na ari kwalekwale na haye mashigin nan ni kaɗai, na durƙusa tsakanin kaburburan biyu, na cire hulata na cika ta da ƙasa. Tana nan cikin gwangwani a ɗakina, kuma ban san ranar da zan mayar da ita ba. Ashe ba rikicin tsufa ba ne, Kaka ta riga mu sani ne kawai.