Jujin gidan Kada

A Yawuri na tashi, hannun kakata Inna Ladi mai bandar kifi. Da an yi magariba sai mu kewaye wutar banda, hayaƙi na cin idonmu, ita tana juya kifi tana ba mu tatsuniya. Inna ba ta yarda da kowa ba. Ko gishiri ta aike ka saye, sai ta lasa.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai Kada ne ya yi shelar neman mai shara, ci da kwana kyauta. Kwaɗo ya je, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kunkuru ya je yana taƙama da ƙoƙon bayansa, shi ma shiru. Da Bushiya ta zo, Kada ya tarbe ta da fara'a, ya nuna mata ɗaki. Ta ce a fara nuna mata juji. Can ta tarar da ɓawon Kunkuru a farfashe.

"Ta gudu ko, Inna?" muka tambaya.

"Ta gudu ina? Aiki take nema. Ta zauna ta yi shararta, amma ba ta taɓa kwantar da ƙayarta ba. Ku dai in kun je gidan mutum, ku bar kallon haƙoransa, ku dubi abin da ya zubar."

Yau ina Panyu a ƙasar Sin, mijina na harkar tura kaya gida. 'Yata Hafsa tana da akwatin gilashi na ruwan gishiri, da wani jatan lande mai launi kala-kala wanda ke fasa ɓawo da naushi. Ɗan Dambe take ce masa. Da gansakuka ta rufe gilashin, sai ta ce za ta saka masa Malam Sannu ya riƙa lashewa. Wani dodon koɗi ne da take kiwo a ƙaramar kwalba, tana ji da shi kamar ƙaninta. Hankalina bai kwanta ba.

Muka tafi kasuwar kifin ado, Hafsa na rungume da kwalbar a ƙirjinta. Mai shagon, wanda muke kira lawban, wato maigida da Sinanci, ya nuna mana nasa akwatin: ga irin Ɗan Dambe, ga dodon koɗi biyu suna yawo a gilashi. Ya ɗaga babban yatsa, wai lafiya lau suke zaune. Fara'ar ta yi mini yawa. Na zagaya bayan akwatin na durƙusa. A gindin dutse, bakin ramin jatan landen, ɓawon dodon koɗi ne tsibi guda, kowanne a huje.

Na ce, "Hafsa, zo ki gani."

Ta daɗe tana kallo. "Mama, su biyun nan fa?"

"Yau da safe aka zuba su, in kin tambaye ni."

Ta ƙara matse kwalbarta. Muka sayi wata halittar teku mai ƙaya ko'ina, mai cin gansakuka, Hafsa ta sa mata suna Bushiya.

Ina yarinya na ɗauka Inna tsoron mutane take koya mana. Ashe yadda ake zama da su ne, tunda ba kullum ake samun wurin gudu ba. Malam Sannu na nan a kwalbarsa kan firji, Bushiya na ta shararta a akwatin Ɗan Dambe. Duk da haka, kowace safiya kafin Hafsa ta sa takalmin makaranta, sai ta leƙa bayan dutsen da ke cikin akwatin.